Kafin ka ce a yi maka fomat a ɗora sabuwar Windows, ga abin da zaka fara dubawa

Kwanakin baya kawuna ya kira ni shagonsa, shagon buga takardu ne da fotokwafi da cike wa yara fom a intanet, yace "ɗana zo ka duba min kwamfutar nan, wasu shafuka sun daina buɗewa kuma kullum sai wani rubutu ya fito a saman Chrome". Ina zuwa na tarar Windows 7 ce a kai, Chrome ɗin kuma ta tsaya cak a lamba 109, wadda ita ce ta ƙarshe da Google ya yi wa Windows 7 a farkon 2023, daga nan bata ƙara gaba ba. Nace Kawu ai kwamfutarka lafiyarta ƙalau, Windows ɗin ce zamani ya wuce ta. Sai yace toh a yi fomat mana, wato a goge komai na cikinta, a sa sabuwa. Wannan maganar ce tasa na zauna rubuta wannan, don wallahi mutane da yawa haka suke ɗauka, kamar canza Windows canza riga ne, ka cire wannan ka saka waccan, alhali akwai abubuwan da in baka duba ba zaka rasa firintarka ko fayilolinka ko ma kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya.

Windows ita ce babbar manhajar dake tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da kake aiki dasu. Word bata san yadda ake magana da firinta ba, Windows ce take karɓar saƙon ta miƙa wa wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, direban ne yasan yaren wannan firintar. Toh duk lokacin da aka fitar da sabuwar Windows abin da ido yake gani shine fuska, maɓallin Start ya koma nan, kala ta canza, amma canjin da yake taɓa aljihunka yana can ciki, yadda take magana da direbobi, irin ƙarfen da take buƙata, da kuma ko har yanzu kamfanin Microsoft yana toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa.

Bari na ɗan taɓa tarihin kaɗan, saboda idan ka gane yadda take tafiya kai da kanka zaka dinga sanin lokacin da ya dace ka matsa da lokacin da ya dace ka dakata.

Windows ta farko ta fito 1985, amma wadda ta kawo maɓallin Start da layin nan na ƙasa ita ce Windows 95, a watan Agusta na 1995, kuma ram ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta, megabait 4 kacal take nema ta tashi. A wancan lokacin Microsoft layi biyu yake ja, akwai na gida wato 95 da 98 da Me waɗanda aka gina a kan DOS, tsohuwar babbar manhajar da ta riga Windows, akwai kuma na ofis da ake kira NT wanda aka fara fitarwa 1993, shi yafi ƙarfi baya yawan faɗuwa. A Oktoba 2001 XP ta haɗe su, aka jefar da ginin DOS aka ɗora kowa a kan NT, kuma har yau ɗin nan duk Windows da kake gani jikar NT ce. XP ta daɗe sosai, duk wanda ya shiga kafe a shekarun 2000 ya san koren tudun nan da shuɗin sama, sai 8 ga Afrilu 2014 aka daina mata gyara.

Inda darasin yake shine tsakanin Vista da Windows 7. Vista ta fito wa jama'a a Janairu 2007 kuma mutane sun tsane ta, nauyi, ga tambayar nan da take yi kowane lokaci wai ka yarda wannan manhajar ta canza wani abu, ga firintoci da katin sauti da suka daina aiki. Amma dalilin shine Vista ce ta tono ginin tun daga tushe, ta canza tsarin direban hoto da na sauti, ta kawo tsarin neman izini kafin manhaja ta taɓa cikin kwamfuta, su kuma kamfanonin dake ƙera firinta da sauran kaya basu gama rubuta sababbin direbobi ba, sannan aka dinga sayar da ita a kan kwamfutoci masu ram megabait 512 wanda da ƙyar yake ɗaukarta. Da Windows 7 ta zo a Oktoba 2009 kowa ya dinga yabo, alhali kusan ginin Vista ne aka goge aka rage masa nauyi, direbobi sun riga sun nuna, kwamfutoci sun ƙara ƙarfi. Lambar cikinsu ma ta nuna haka, Vista ita ce 6.0, Windows 7 ita ce 6.1, Windows 8 ta 2012 wadda ta cire maɓallin Start mutane suka yi ta ƙorafi ita ce 6.2, sai 8.1 da ta dawo dashi a 2013 ita ce 6.3. Suna huɗu a waje, gida ɗaya a ciki. Ni abin da na ɗauka daga nan shine duk sigar da ta taɓa tushe kada ka zama na farkon shiga da kwamfutar da kake cin abinci da ita, ka bari masu gaggawa su fara taka ƙayar.

Ba a yi Windows 9 ba, daga 8.1 sai 10 a ranar 29 ga Yuli 2015, kuma daga nan salon ya canza gaba ɗaya. Maimakon a jira shekara uku a sayar maka da sabon faifai, sai aka koma turo manyan abdet ta intanet, sunan yana nan Windows 10 amma cikinta yana ta canzawa. Shi yasa zaka ga mutum biyu duk suna cewa Windows 10 ce dasu amma wata manhaja ta hau ta ɗaya taƙi hawa ta ɗayan. Lambobin nan irin 1607 ko 1909 shekara ce da wata, 1909 na nufin 2019 watan tara, daga baya aka koma rubuta 20H2, 21H2, 22H2, wato shekara da kuma rabin shekara na biyu. Ba kullum abin yake tafiya lafiya ba, sigar 1809 da aka saki a Oktoba 2018 ta goge wa wasu mutane fayiloli har sai da aka janye ta aka gyara, wannan kaɗai ya isa ya koya maka ajiye kwafin kayanka kafin kowane babban abdet.

Yanzu aiki. Abu na farko ka san me ke kan kwamfutarka. Danna maɓallin dake da tambarin Windows a kibod tare da harafin R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta winver ka danna Enter. Zai nuna maka suna da siga da wata doguwar lamba. Idan Windows 10 ce kuma ka ga 22H2 da lamba mai farawa da 19045 toh kana kan ta ƙarshe, babu wata bayanta. Idan Windows 11 ce lambar daga 22000 take farawa, 23H2 tana kan 22631, 24H2 tana kan 26100. Ita ma Windows 11 ɗin a ciki har yanzu 10.0 take rubutawa, wato labarin Vista da 7 ne ya sake maimaita kansa, ginin 10 ne aka canza wa fuska aka tsaurara sharuɗɗa.

Abu na biyu ka duba ko ana ci gaba da yi mata gyara. Microsoft yana sakin gyaran tsaro duk Talata ta biyu a wata, kuma kowace siga tana da ranar da za a yanke mata. Windows 7 an yanke mata 14 ga Janairu 2020, 8.1 kuma 10 ga Janairu 2023, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025. Ko a cikin Windows 11 kowace siga ta Home da Pro wata 24 ake bata, don haka wanda yake kan 21H2 ko 22H2 shima an wuce shi duk da sunan 11 da yake gani. Kwamfutar ba zata mutu ranar ba, zata kunnu ta yi aiki kamar jiya, illa dai duk ƙofar da aka gano daga ranar a buɗe zata zauna. Kuma kada ka ɗauka wasa ne, a Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da yawa tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da aiki ya tsaya musu, alhali tun watan Maris an saki gyaran ƙofar da ta bi, waɗanda basu ɗora ba su ta kama. Idan kana shiga banki ko kana cike wa mutane fom da lambobin shaidarsu a kan Windows da aka daina gyarawa, amanar mutane ce kake ajiyewa a ɗakin da ba ƙyaure.

Abu na uku, wanda nan ne yawancinmu muke maƙalewa musamman masu tokumbo, shine ko ƙarfen zai ɗauki Windows 11. Daga Windows 7 har 10 sharaɗin kusan ɗaya ne, ram giga 1 ko 2, shi yasa tsofaffin laftop suka yi ta hawa 10 ba matsala. Windows 11 da ta fito 5 ga Oktoba 2021 ta ɗaga katangar, tana son ram giga 4, wurin ajiya giga 64, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai bit 64, da Secure Boot wanda yake tsare ta lokacin kunnawa, da kuma wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM siga 2.0 wanda yake ajiye makullan sirri. Sannan furosesar in Intel ce daga ƙarni na 8 zuwa sama, in AMD ce daga wasu Ryzen 2000 zuwa sama. Gane ƙarnin ba wuya, danna Windows da R ka rubuta msinfo32, ka duba layin furosesa, idan ka ga i5-8250U lambar farko bayan ɗan layin nan 8 ce, ya wuce, idan i5-7200U ce toh ƙarni na 7 ne bai kai ba, idan kuma lambar biyar ce kamar i5-10210U toh biyun farko zaka karanta wato 10. Don Allah idan zaka sayi ta hannu kada ka tsaya a kan "ai core i7 ce" da mai shago zai faɗa maka, i7 ta ƙarni na 4 bata hawa, i3 ta ƙarni na 8 tana hawa. Kuma kada ka dogara da sunan samfurin, ThinkPad T480 misali akwai mai ƙarni na 7 akwai mai na 8, jiki iri ɗaya, sai ka kunna ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

Na TPM ɗin kuma ka rubuta tpm.msc a wannan akwatin dai, idan ya nuna 2.0 shikenan. Idan yace bai samu ba kada ka yanke ƙauna tukuna, sau da yawa yana nan a kashe ne a cikin BIOS, saitin ƙarfen kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, a Intel sunansa PTT a AMD kuma fTPM, kunnawa kawai za a yi. Wanda baya son duk wannan binciken ya sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, zata faɗa masa ko ta cancanta, in bata cancanta ba ta faɗi abin da ya hana.

Toh a ce ta cancanta. Kafin ka taɓa komai ka kwashe kayanka, Documents da Desktop da Downloads da hotuna, ka zuba a had dis na waje ko babban filashi, kuma ka buɗe kaɗan daga ciki a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu da gaske. Na taɓa kai laftop wani shagon gyara tun ina makaranta, na ce a gyara min ita tana jan ƙafa, ban ce a goge ba shi kuma bai tambaye ni ba, na dawo da yamma na tarar da sabuwar Windows fes da ita amma babi uku na aikin kammala karatuna sun tafi, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tun daga ranar ko abdet ƙarami zan yi sai na kwafe.

Bayan fayiloli sai ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk abin da kake jonawa da kwamfutar da duk manhajar da aikinka ya dogara a kanta, firinta, sikana, na'urar ɗaukar zanen yatsa, manhajar lissafin shago, CorelDRAW, duk dai. Kowanne ka shiga shafin kamfaninsa ka duba ko akwai direban Windows 11, in babu ka duba na Windows 10 mai bit 64, yawanci yana yi. Wanda direbansa bit 32 ne kawai toh ba zai yi ba, don Windows 11 bata da siga mai bit 32 sam, direba kuma dole ya dace da Windows ɗin, duk da cewa manhajoji na yau da kullum masu bit 32 suna aiki lafiya. Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa sai an gama komai kwastoma na tsaye ana neman yadda za a yi firinta ta motsa. Ka kuma sani kowace siga tana zubar da wasu kaya, Internet Explorer an yi mata ritaya a Yuni 2022, WordPad an cire shi a 24H2, in akwai wanda ka saba dashi ka nemi madadinsa tun yanzu.

Sai maganar wuta da data. Abdet ɗin nan giga da yawa ne, ba abin da zaka yi da ragowar datar wata bane, ka nemi wayfai ko ka sayi wadda zata isa. Laftop a cika mata caji kuma a bar ta a jone, mai desktop kuma in ba UPS ko inbata ko janareta mai isasshen mai kada ya fara, don ɗauke wuta a tsakiyar ɗora Windows yana iya barinta taƙi tashi gaba ɗaya.

Hanya biyu ce. Ta farko ka shiga Settings ka je Windows Update, in ta cancanta zaka ga tayin Windows 11 a nan, kyauta ne ga wanda Windows 10 ɗinsa take da lasisi na gaskiya, kuma tana barin fayiloli da manhajoji a inda suke. Ita nake ba yawancin mutane shawara, saboda tana ajiye tsohuwar a wani folda mai suna Windows.old kuma kana da kwana 10 da zaka iya komawa ta Settings, System, Recovery in wani abu yaƙi aiki. Kada ka goge folda ɗin nan don neman wuri kafin ka gwada firinta da komai, kuma ka gwada a cikin kwanakin nan goma, bayan su ƙofar komawa ta rufe. Ta biyu ita ce fomat ɗin da aka sani, ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft da kansa ka haɗa filashi mai aƙalla giga 8, wannan tana share komai, ta dace da kwamfutar da ka saya a hannu baka san me aka zuba mata ba ko wadda cuta ta riga ta cinye. Ka guji Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima ana yawo da ita a filashi wai mara nauyi, baka san me aka cire ba kuma baka san me aka cusa ba. Yawancin laftop da suka fito daga kamfani tun zamanin Windows 8 lasisinsu yana cikin ƙarfen kwamfutar, kana ɗora irin wadda tazo da ita Home ko Pro zata gane kanta in ta hau intanet. Tsofaffin lambobin lasisin Windows 7 da 8 kuwa tun 2023 aka rufe hanyar amfani dasu a hau 10 ko 11.

Bayan ta hau akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya yi a ranar. Sababbin sigogin 11 suna iya kulle had dis da BitLocker da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft, abu ne mai kyau in an sace laftop, amma ranar da aka canza wani abu a BIOS ko aka yi gyara tana iya tambayarka makulli mai lamba 48, in babu shi ko mai gyara ba abin da zai iya yi maka. Makullin yana cikin asusunka na Microsoft, ka shiga ka kwafe shi a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Maɓallin Start da ya koma tsakiya kuma in ya dame ka ana mayar dashi hagu a saitin Taskbar, minti ɗaya ne. In datarka ta waya ce ka kunna Metered connection a saitin wayfai ɗin don ta rage jan manyan kaya ba da saninka ba, amma ka ware rana ɗaya a wata ka barta ta ɗauki gyaran tsaro.

Idan kuma bata cancanta ba fa? Mai Windows 10 siga 22H2 akwai shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU wanda yake bada gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, ana shiga ta Windows Update da asusun Microsoft, numfashi ne na shekara ɗaya don ka shirya. Akwai masu amfani da Rufus, wata manhajar haɗa filashin Windows, su tsallake sharaɗin TPM da furosesa, yana yi, na gani da idona, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin abdet ga irin wannan ba, ni dai ba zan yi wa kwamfutar sana'a haka ba. In aikinka bai wuce burauza da rubutu da kallon bidiyo ba Linux Mint, wata babbar manhaja madadin Windows, tana tafiya da kyau a tsofaffin kwamfutoci kuma kyauta ce, zaka iya gwada ta daga filashi ba tare da ka goge komai ba, sai dai mai aikin CorelDRAW ko Photoshop ba zata biya masa buƙata kai tsaye ba.

Ta Kawu da muka duba Core 2 Duo ce da ram giga 2, ko da dabarar Rufus 24H2 bata tashi a kan wannan furosesar, ga tsohuwar sikanarsa da yake ji da ita direbanta na bit 32 ne. Sai nace Kawu kada mu taɓa ta, mu zare mata wayar intanet kawai ta ci gaba da buga takardu da sikanin, aikin da ta iya kenan kuma tana yinsa da kyau. Cike fom da duk abin da ya shafi intanet muka mayar kan wata laftop ta hannu mai ƙarni na 8 da muka kunna a gaban mai shagon muka duba winver da tpm.msc kafin a biya. Filashi ɗaya muka ware na tsakaninsu, na kwastoma kuma sai an fara soka shi a sabuwar laftop ɗin, manhajar tsaro ta Windows Security ta bincike shi kafin ya je kusa da tsohuwar, na rubuta masa hakan da alƙalamin maka a jikin kwali na manna a gefen tebur saboda yaran shagon.